Motar Dizal In Ta Rasa Ƙarfi

Ya kai mai tsohuwar motar dizal, in ta kasa hawan tudu da kayan da ta saba ɗauka, kada ka yi gaggawar sa a kwance inji. Dubi hayaƙinta tukuna.

In baƙi ne, iska ba ta isar inji. Ciro matacin iska ka kakkaɓe ƙura. In bai daina ba, a gwada nozul. In shuɗi ne, inji na ƙone baƙin mai, galibi ringi ne suka cinye. In kuwa babu hayaƙi, mai ne ba ya isa. Sake matacin mai, ka fid da iskar da ta shiga bututu.

Lalle ka fara da ƙaramin gyara. Sau da yawa mataci kaɗai ne ya toshe, inji lafiya lau.