Xiaobei: Zongonmu a Birnin Guangzhou

Duk sanda muka zauna da samari a taron ƙungiya, sai an tambaye mu inda masu zuwa sari a Sin ke sauka. Amsar ita ce Xiaobei, a bakin mutanenmu "Shawbe", wata ƙaramar unguwa a gundumar Yuexiu, cikin birnin Guangzhou.

Guangzhou yana kudancin Sin, a bakin Kogin Lu'ulu'u, kuma ƙidayar 2020 ta ba shi mutum sama da miliyan 18. Yuexiu ita ce tsohon gari: faɗinta bai kai murabba'in kilomita 34 ba, amma mutanenta sun haura miliyan ɗaya. Wanda ya saba da cinkoson Nima ba zai yi baƙunta ba. Ma'anar sunan Xiaobei "ƙaramar arewa", daga wata tsohuwar ƙofar ganuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 5 yana tsayawa a nan, tasha ɗaya daga babbar tashar jirgin ƙasa.

Alamar unguwar ita ce benen Tianxiu mai hawa sama da 30, a kan titin Huanshi. Ƙasansa shaguna ne, samansa ofisoshi da masu tura kaya. A ƙetaren titi akwai lungunan Dengfeng, inda ake samun abincin halal a hannun Musulmin Sin, Hui da Uigur. Nan 'yan Mali da Gini da Senegal da Nijar suka fi yawa, shi ya sa muke ce mata zongo. 'Yan Nijeriya, musamman Inyamurai, sun fi taruwa a Sanyuanli, can arewa a gundumar Baiyun.

Juma'a kuwa mafi yawan baƙi masallacin Xianxian suke zuwa, kusa da lambun Yuexiu. Mutanen garin suna cewa a nan kabarin Sa'adu bin Abi Wakkas yake, ko da yake malaman tarihi sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Akwai kuma masallacin Huaisheng mai hasumiyar kusan mita 36, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar.

Maganar yawan baƙaƙen fata ita ce inda dillalan biza ke zuzuta wa samarinmu labari. Farfesa Adams Bodomo, ɗan Gana, a littafinsa na 2012 ya ƙiyasta 'yan Afirka kusan 100,000 a birnin. Hukumomi sun ce 13,652 ne a ƙarshen 2019, suka ragu zuwa 4,553 a Afrilun 2020, watan da aka kori da yawa daga gidajen haya da sunan korona. Wurin sari ne a dawo, duk wanda ya ce maka aiki na jiranka a can, ka riƙe kuɗinka.

Idan ka sauka a otal, su za su yi maka rajista. Idan gidan wani ne, sai ka kai kanka wurin 'yan sanda cikin awa 24. Wuce wa'adin biza tarar yuwan 500 ce kowace rana, har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Baje kolin Kanton yana ci a Pazhou daga tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, lokacin da kuɗin ɗaki ke tashi, don haka mai ƙaramin jari gara ya kauce wa makonnin nan.