F-5: Ƙaramin Jirgin Yaƙin da Ya Ƙi Tsufa

A tsakiyar shekarun 1950, masu ƙera jiragen yaƙi a Amurka sun ɗauki hanya guda: kowane sabon jirgi sai ya fi na baya girma da nauyi da tsada. Kamfanin Northrop ne ya ga cewa wannan hanya ba za ta ɓulle da ƙananan ƙasashe ba. Injiniyoyinsa, ƙarƙashin Edgar Schmued, suka zauna zana jirgi mara nauyi, mai gudun da ya wuce na sauti, wanda kuma ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya saye ta iya riƙewa. Suka kira aikin N-156.

Sirrin jirgin yana cikin injinsa. Kamfanin General Electric ya riga ya ƙera wani ɗan inji mai suna J85, ba ma don jirgin da mutum zai tuƙa ba, sai don wani makami da ake saki daga jirgin B-52 domin ya ruɗi na'urar radar ta abokan gaba. Injin ƙarami ne amma ƙarfinsa ya fi jikinsa. Northrop ya jera guda biyu a bayan jirgin, don ko ɗaya ya mutu ɗayan ya kai matuƙi gida. Aka kuma matse ƙugun jirgin a daidai fukafukai kamar kalangu, saboda a nan ne iska take taruwa ta tokare jirgi idan ya kusa gudun sauti, matsewar kuwa tana ba ta hanya ta wuce. Ran 30 ga Yuli 1959 ya yi tashin farko, kuma a ranar ya zarce gudun sauti.

Sojan saman Amurka ba su yi ɗokinsa ba. Samfurin koyar da matuƙa kawai suka karɓa, wato T-38. Sai a 1962 gwamnatin Kennedy ta zaɓi samfurin yaƙin don rabawa ƙawayenta lokacin yaƙin cacar baka, aka raɗa masa F-5A Freedom Fighter. Yana ɗauke da bindigogi biyu masu harsashi milimita 20 a hanci da makamai masu linzami na Sidewinder a bakin fukafukai, amma ba shi da radar neman abokin gaba. Wannan giɓi ne aka cike a F-5E Tiger II, wanda ya fara tashi a 1972 da injuna masu ƙarin ƙarfi, yana gudun kusan kilomita 1,700 a awa. An yi shi ne takanas don ya kara da MiG-21 na Tarayyar Sobiyat, irin wanda Najeriya ta saya a shekarun 1970.

A Afirka aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa. A yaƙin Ogaden na 1977, matuƙan Habasha da F-5 suka fuskanci jiragen MiG na Somaliya, waɗanda suka fi su yawa, suka kuma ƙwace sararin samaniya. Horon matuƙan ya taka rawa babba, amma ƙanƙantar jirgin ma ta taimaka: da wuya a hango shi daga nesa, ga shi da saurin juyawa. Maroko da Tunisiya da Sudan da Kenya duk sun mallake shi, Kenya ma ta kai hare-hare da shi kan al-Shabaab a Somaliya daga 2011.

Labarin Iran ya fi ba ni mamaki. Zamanin sarkinta, wato Shah, ta sayi jiragen da yawa. Bayan juyin juya halin 1979 Amurka ta rufe ƙofar kayan gyara, amma jiragen suka yi yaƙin shekara takwas da Iraƙi, daga bisani injiniyoyin Iran suka kwaikwayi ƙirarsa suka fitar da nasu, irin su Saeqeh da Kowsar. Jirgi mai sarƙaƙiya ba zai jure wannan ba.

A nan nake ganin darajarsa take. Tun a kan takarda aka yi lissafin kuɗin mai da na gyara da awannin da makanikai za su ɓata, ba kuɗin saye kaɗai ba. An jera kayan cikinsa yadda hannu zai kai gare su ba tare da an warware rabin jirgi ba. Ƙasashe da dama sun sayi jirage masu ban tsoro waɗanda suka ƙare a ajiye saboda rashin kayan gyara, alhali F-5 yana ta tashi.

Yana da iyakarsa. Mansa kaɗan ne, ba ya dogon zango, kuma ba zai iya da jiragen zamani masu harbi daga nisan da ido ba ya kaiwa ba. Duk da haka an ƙera sama da 2,600, har da waɗanda aka haɗa a Kanada da Sifaniya da Suwizalan da Koriya ta Kudu da Taiwan. Sojan ruwan Amurka kuwa, da suka nemi jirgin da zai riƙa yin rawar abokin gaba wajen horar da matuƙansu, sai da suka koma Suwizalan suka sayo tsofaffin F-5 ɗinta.