Ko Kun Sani? Gasar Fentin Ƙananan Sojoji

Ko kun san cewa akwai gasa sukutum ta shafa wa 'yan mutum-mutumin sojoji fenti, waɗanda yawancinsu tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba? Sunanta Golden Demon. Kamfanin Games Workshop, mai wasan yaƙin tebur na Warhammer, shi ya fara ta a Ingila a 1987, kuma takobi na gaske ake miƙa wa gwarzonta.

Aiki ne na masu haƙuri. Sojan yakan zo gutsure-gutsure cikin roba mai ruwan toka. Sai a haɗa shi da gam, a fesa masa shafen farko, sannan a tsinka fenti da ruwa a bi shi sau biyu ko uku, domin fenti mai kauri yana toshe ƙananan zanen jikinsa. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta fito da gashi da sarƙar sulke: a tsoma burushi, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan a riƙa shafawa sama-sama, launin ya kama wuraren da suka taso kaɗai. Idon sojan bai kai ƙwayar gero ba, amma ƙwararru har baƙin cikinsa suke ɗigawa.