Halittar Dubura a Cikin Mahaifa da Matsalar Toshewarta ga Jarirai: Tsokaci a Kan Ƙasar Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda dubura ke samuwa ga ɗan tayi, da yadda akan sami tangarɗa har a haifi jariri ba shi da mafitar kashi, sa'an nan mu dubi abin da ya wajaba a yi a ƙauyukan Boɗinga da Shagari. Muna neman afuwar mahalarta, domin za mu ambaci wasu gaɓoɓi da sunansu. Kunya ado ce, amma a wannan fage takan jawo asarar rai.

2.0 Yadda Dubura Ke Samuwa

A mako na 4 bayan shigar ciki, ƙarshen hanjin ɗan tayi da hanyar fitsarinsa suna zuba ne a matattara guda, kamar dai yadda kaza take da mafita ɗaya tak har girmanta. Daga nan sai wani shamaki ya riƙa saukowa yana raba matattarar, har zuwa mako na 7 ta zama biyu: ta gaba ta zama mafitsara da hanyar fitsari, ta baya kuwa ta zama ƙarshen hanji. Ana cikin haka, fatar waje takan lotsa ciki ta tarbi hanjin, ya rage wani siririn tantani tsakaninsu, wanda ke fashewa wajen mako na 8.

Ashe ke nan dubura haɗin abu biyu ce. Kashi biyu bisa uku na sama daga hanji suke, kashi ɗaya na ƙasa daga fata, kuma kowane da nasa jijiyoyin. Wannan ne dalilin da ya sa basir na ciki yakan zubar da jini ba ciwo, alhali ɗan tsagewa a bakin dubura yakan hana mutum zama.

Idan tantanin bai fashe ba, ko bakin ya ƙuntata, matsalar mai sauƙi ce. Idan kuwa rabuwar matattarar ce ba ta kammala ba, sai hanji ya tsaya can sama, galibi da wata 'yar kafa da ke haɗa shi da maƙwabcinsa. Ga namiji kafar takan buɗe cikin hanyar fitsari, ga mace kuwa a bakin farji. Ana samun wannan ga kimanin jariri 1 cikin 5,000, kuma sau da yawa yakan zo tare da lahani a zuciya, ko ƙoda, ko ƙashin baya, ko hanyar abinci. A lura kuma, duk wannan yana faruwa ne tun uwa ba ta tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka zargin ta da sakaci zalunci ne kawai.

3.0 Halin da Ake Ciki a Boɗinga da Shagari

Garuruwan nan biyu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake tiyatar yara, ba shi da nisa can ga mai mota. A ganinmu jinkirin ganewa ya fi nisan hanya ɓarna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matan Jihar Sakkwato da suka haihu a asibiti ba su kai 1 cikin 10 ba. Watau ungozoma ce, wadda ke yanke cibi ta wanke jariri, mutum na farko da ke da damar gani.

Jariri lafiyayye yakan yi kashinsa na fari, baƙi mai danƙo, yawanci cikin awa 24. Tambayar da aka saba yi ita ce, "Ya yi kashi?" To, bayanin da ya gabata ya nuna mana raunin wannan tambaya. Jaririya mai kafa a bakin farji za ta ɓata tsumma kamar kowa, a yi suna ranar bakwai ana murna, ba wanda ya lura sai an fara ba ta kunu, kashi ya yi ƙarfi, 'yar kafar ta kasa fitar da shi. Namiji kuwa, baƙin kashin kan fito ta cikin fitsari, ciki ya kumbura, ya yi ta amai kore. Idan aka kwana uku ana jiƙe-jiƙe, hanji na iya fashewa. Abin da ya kamata a koya wa ungozoma shi ne ta buɗa cinyoyin jariri a wankan farko, cikin haske, ta ga dubura da idonta, ta kuma ga ta inda kashin ke fitowa. Wannan ba ya cin ko sisi.

Haka nan kuma muna jan kunne kada a nemi wanzami ya tsaga wurin. Daga waje ba a sanin nisan hanji. Mai yiwuwa yana can sama, aska kuwa ta yanke tsokar da ke riƙe kashi, wadda in ta lalace da wuya ta gyaru. Ko likita ma yakan jira awa 18 zuwa 24, iska ta kai ƙarshen hanji, kafin ya ɗauki hoto ya auna, dabarar da Wangensteen da Rice suka fito da ita a 1930.

Mai sauƙin akan gyara shi da aiki guda. Mai zurfin kuwa akan fara fitar da hanji ta gefen ciki, bayan 'yan watanni a jawo ƙarshensa ta tsakiyar tsokar, bisa hanyar da Peña da deVries suka bayyana a 1982, daga baya a rufe na cikin. Nan ne iyaye da yawa ke karaya: ganin kashi na fita ta ciki, ga surutun dangi, ga kuɗin mota da jinya sau uku. Ya kamata ma'aikacin asibitin ƙauye ya faɗa wa uban yaro tun ranar farko cewa mafitar cikin ta ɗan lokaci ce, kuma bayan aiki na biyu uwa za ta riƙa buɗa sabuwar duburar da ɗan ƙarfe kullum har tsawon watanni, don kada ta sake tsukewa.