Cutar HMPV: In tafi ko in fasa tafiyar?



Ranar Litinin da ta gabata, wata Hajiya da ta daɗe tana sayen maganin hawan jini a kantinmu da ke Gwadabawa cikin Jimeta ta shigo tun ba mu gama shara ba. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta miƙo min wayarta. Bidiyo ne aka tura mata ta WhatsApp: asibiti maƙil da mutane sanye da takunkumi, wai a China, wai wata sabuwar korona ta ɓulla. Ta riga ta biya kuɗin Umarar azumi, kuɗin da ta shekara uku tana zubin adashe kafin su taru. Sai ta ce, "'Yata, ki faɗa min tsakaninki da Allah, in je in karɓo kuɗina tun ba a rufe hanya ba, ko in tafi?"

Kafin la'asar na amsa irin wannan tambaya daga bakin wani ɗan kasuwa mai saro kaya daga Guangzhou, da wata uwa da ɗanta zai koma makaranta a Kano. Wani magidanci kuwa kwalin Ampiclox guda ya nema, wai na ajiya.

Ba a ga laifin mai tsoro ba

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu manta da 2020 ba. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, a watan Afrilu kuma ta iso Adamawa. An dakatar da jiragen ƙasashen waje daga 23 ga Maris har zuwa 5 ga Satumba. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi har 1 ga Yuli, direbobin tashar Jambutu suka zauna zaman jiran tsammani, masu fatauci zuwa Garwa ta Kamaru suka ci jarinsu. A 2020 da 2021 babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Najeriya zuwa aikin Hajji. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ji an ambaci China da tari a jimla ɗaya, dole gabansa ya faɗi.

Mece ce HMPV?

Abu na farko, ba sabuwa ba ce. Masu bincike a ƙasar Holan ne suka gano ƙwayar a 2001, kuma gwajin tsofaffin samfuran jini ya nuna ta shafe gomman shekaru tana yawo cikin mutane kafin a san sunanta. Kusan kowane yaro yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara biyar. Ke nan akwai yiwuwar ni da ke, mai karatu, duk mun taɓa yin ta, muka kira ta murar hunturu. Nan ta sha bamban da korona, wadda a lokacin da ta zo jikin ɗan Adam bai taɓa saninta ba.

Bairos ce mai kama hanyar numfashi. Tana bin tari, atishawa, da hannun da ya taɓa majina ya taɓa fuska. Alamominta kan bayyana kwana uku zuwa shida bayan kamuwa: tari, zazzaɓi, toshewar hanci, ciwon maƙogwaro. Yawancin mutane kan warke da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Waɗanda take yi wa tsanani su ne jarirai, tsofaffi, masu asma ko ciwon zuciya, da masu raunin garkuwar jiki, domin takan sauka huhu ta zama nimoniya. Babu allurar rigakafinta, babu kuma maganin da aka yi musamman dominta.

A ranar 7 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaruwar cututtukan numfashi da ake gani a China ba ta wuce abin da aka saba gani a lokacin sanyi ba, kuma mura mai zafi ta infuluwenza ce ta fi yawa a cikinsu. Ta kuma ba da shawarar kada a taƙaita tafiye-tafiye ko kasuwanci saboda wannan. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta auna haɗarin ga Najeriya a matsayin matsakaici, ta ce an ƙara sa ido a filayen jiragen sama.

Ɓarnar da tsoro ke yi

A aikinmu na harhaɗa magunguna mun sha ganin inda tsoro ya riga cuta kai mutum asibiti. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, an kwantar da wasu da dama. Ita kanta Ebolar mutum takwas ta kashe a Najeriya, a Legas da Fatakwal, kuma ba ta taɓa zuwa Arewa ba. A Maris na 2020 kuma kulorokwin aka yi wa rububi, farashinsa ya tashi, hukumomin lafiya na Legas suka sanar da samun waɗanda suka sha fiye da ƙima ya zame musu guba.

Shi ya sa ban sayar wa magidancin nan kwalin Ampiclox ba. Ampiclox, Amoxil, Septrin da danginsu bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos ko kaɗan. Wanda ya sha su don mura ya yi asarar kuɗi, yana iya samun gudawa ko ƙaiƙayi, sannan ya koya wa ƙwayoyin da ke jikinsa jure wa maganin. Ranar da ɗansa zai yi nimoniya ta gaske, sai a ba da maganin ya ƙi ci.

Waɗanda ke kan hanyarmu

Abin da ya fi damuna shi ne mun zuba wa China ido, alhali masu kisa suna tsakar gida. Zazzaɓin Lassa daga garin Lassa na Jihar Borno ya samo suna a 1969, nan kusa da iyakarmu ta arewa. Lokacinsa daga Disamba zuwa Afrilu ne, kuma maƙwabciyarmu Taraba na cikin jihohin da ya fi kamari. A 2024 kaɗai ya kashe fiye da mutum 200 a ƙasar nan. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan hatsi da abinci, sannan mai jinya na iya ɗauka daga jini ko aman majinyaci. Yakan fara kamar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake makara.

Sanƙarau ma da ƙurar hunturu da zafin bazara yake zuwa, yana kuma son cunkoso: ɗakin kwanan ɗalibai, gidan biki, mota mai mutum goma sha takwas da gilasai a rufe. Ƙyanda ta yi mana ɓarnar yara a Mubi ta Arewa da Gombi a 2024, ga shi kuwa tana da rigakafi kyauta. A watan Satumban 2024 kuma kwalara ta ɓarke a Yola ta Arewa bayan ambaliya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ta buƙaci biza.

Shirin matafiyi

Mai zazzaɓi da tari ya ɗaga tafiyarsa zuwa ya ji sauƙi, ko da biki ne na ɗan'uwa na jini. Idan ta zama dole, ya sa takunkumi, ya nemi kujerar taga. Tsoho da mai asma su ma takunkumi zai amfane su a tasha, cikin jirgi da wurin ɗawafi. A riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abincin hanya, a guji abincin da aka bari a buɗe.

Mai zuwa Umara ko Hajji ya tabbatar ya yi allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu aƙalla kwana goma kafin isa Saudiyya, da katin allurar zazzaɓin shawara. A yi allurar da gaske. Katin da aka saya ba tare da allura ba zai iya wucewa gaban jami'i, amma ba ya kare mai shi daga komai.

Mai hawan jini, ciwon suga ko asma ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Kada a karɓi saƙon magani daga kowa a filin jirgi, domin Saudiyya ba ta wasa da irin su Tramadol da kodin.

Don mura, farasitamol, ruwa mai yawa da hutu sun wadatar. Babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 cikin awa 24, a kuma lura cewa yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, kada a ninka. Wasunsu suna tayar da hawan jini, don haka a tambayi mai harhaɗa magani kafin a saya. Ba a ba yara asfirin.

Alamomin da ba a jira da su: numfashi da ƙyar ko da sauri, haƙarƙarin yaro na lotsawa, jariri ya ƙi nono, sanƙarewar wuya, zubar jini, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana biyu zuwa uku ana shan maganin cizon sauro. A nufi Asibitin Ƙwararru na Yola ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a kuma faɗa wa likita garin da aka je, kada a ɓoye. Layin NCDC na kyauta shi ne 6232.

Ita kuwa Hajiya, na ce mata, "Mama, ki bar kuɗinki inda suke." Muka gwada jininta, muka tarar ya hau, ashe kwana huɗu ba ta sha magani ba saboda hankalinta ya tafi kan bidiyon. Na lissafa mata ƙwayoyin da za su kai ta bayan Sallah, ta yi alƙawarin zuwa allurar sanƙarau cikin makon nan, ni kuma na roƙe ta addu'a a gaban Ka'aba.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.