Yadda A Ke Haƙa Tafkin Iyo A Gidajen Amurka

Wanda duk ya taɓa bi ta kan birnin Los Anjalis cikin jirgin sama da rana, abin da ya kan fara ɗaukar idonsa shi ne ɗigo-ɗigon shuɗi birjik a bayan gidaje. Waɗannan su ne tafkunan iyo na gida, watau manyan ramuka da a ke haƙawa a daɓe da siminti, a cika da ruwa mai tsabta, don mai gida da iyalinsa su riƙa iyo lokacin zafi. Mai kallo ruwan ya ke gani ya yaba. Mu kuwa yau ramin za mu duba, da ƙasar da a ke haƙa shi a cikinta, gama a nan ne a ke yin aikin da zai sa tafki ya shekara 40 lafiya lau, ko kuwa ya tsage tun ba a gama biyan bashinsa ba.

Da fari sai manyan attajirai kaɗai ke iya mallakar irin wannan tafki, don a da sai an kafa katako ciki da waje, sa'an nan a zuba kankare a tsakani, aikin kuwa da tsada ƙwarai. Abin da ya sauƙaƙa shi wata na'ura ce da wani Ba'amurke mai suna Carl Akeley ya ƙago a 1907. Shi ba magini ba ne, sana'arsa cusa fatun namun daji su tsaya kamar masu rai, a gidan adana kayan tarihi na Cikago. Na'urar tasa ta kan feso siminti da yashi da ƙarfin iska ta cikin mesa, su manne a jikin duk abin da aka nufa da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai maginan Kalifoniya suka rungumi wannan dabara, tafkuna suka yaɗu har gidajen ma'aikata. A 1948 wani gwanin tsara lambu, Thomas Church, ya yi wani tafki mai lanƙwasa kamar ƙoda a lambun Donnell da ke Sonoma, aka yi ta kwaikwayonsa ko'ina.

To, ga inda wannan labari ya shafi batunmu. Tun da ya ke fesa kankaren a ke yi a jikin ƙasa, ashe ramin da kansa shi ne ya maye gurbin katakon nan na waje. Yadda aka sassaƙa ramin haka tafkin zai fito. In an karkace, ya karkace ke nan har abada.

KAFIN A SARI ƘASA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin katafila ta shigo gida, sai mai gida ko ɗan kwangilarsa ya kai taswirar aikin ofishin gine-gine na gari, ya karɓo takardar izini. Ma'aikatan ofishin za su duba nisan ramin daga iyakar maƙwabci, da wayoyin lantarki na sama, da harsashin gidan. A garuruwa da dama ƙa'idar ita ce, ko wace ƙafa ɗaya ta zurfi a ja baya da ƙafa ɗaya daga harsashi, in ba haka ba sai injiniya ya sa hannu. Dalili kuwa a fili ya ke: nauyin gida ba tsaye kaɗai ya ke sauka cikin ƙasa ba, ya kan bazu gefe da gefe, wanda ya yanke ƙasar da ke gefen ya janye wa bango matokari.

Sa'an nan akwai abin da ke binne. A ƙarƙashin farfajiyar gidan Amurka akwai bututun iskar gas, da na ruwan famfo, da na bahaya, da wayoyin lantarki da na tarho. A 2005 hukumar sadarwa ta ƙasar ta keɓe lambar waya 811 don wannan, aka fara aiki da ita ƙasa duka a 2007. Mai niyyar haƙa ya kan buga kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, kamfanoni su aiko ma'aikatansu kyauta su shata inda kayansu suka bi, da fenti da 'yan tutoci. Ja na lantarki ne, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha, kore na bahaya, ruwan lemo na tarho da intanet, fari kuwa shi ne iyakar wurin da za a haƙa. Amma fa kamfani nasa kaɗai ya ke shatawa. Wayar da wani tsohon mai gidan ya ja da hannunsa zuwa rumfar bayan gida ba ta cikin littafin kowa, sai an nemo ta dabam.

KO WACE ƘASA DA HALINTA

Masu haƙar rijiya sun san rami biyu a unguwa ɗaya ba su kan zo iri ɗaya ba. Haka abin ya ke a can. A Arizona da Nebada akwai wani ɓawon farin dutse a ƙarƙashin ƙasa, mai tauri kamar kankare, ɗan'uwan marmara wajen wahalar da mai haƙa, ba ya fasuwa sai an ɗaura wa katafila guduma. A yankin Dalas na jihar Tekzas baƙar laka ce, wadda ta kan kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in ta bushe, tana tura bangon tafki tana sakinsa shekara da shekaru. A Fulorida rairayi ne, ruwa kuma yana kusa ƙwarai, wani wuri ba a kai ƙafa 4 sai ya ɓuɓɓugo. A duwatsun Los Anjalis kuwa gidaje da yawa a kan ƙasar ciko su ke, saboda haka sai an kafa ginshiƙan kankare har su taɓa dutsen asali, a ɗora tafkin a kansu.

Don haka mai hankali ya kan biya a huda ƙasa a ɗebi samfuri a auna tun da wuri. Akawunan da suka saba da takardun kwangila za su so su ji wannan: galibin yarjejeniyar haƙa tafki tana da wani sharaɗi wanda ya ce kuɗin da aka faɗa na ƙasa mai sauƙi ne, in an ci karo da dutse ko ruwa, ƙarin yana wuyan mai gida. Da yawa ba su kan lura da wannan layi ba sai ranar da katafila ta tsaya cik.

RANAR HAƘA

Da sassafe a ke ja igiya a kafa turaku, a kewaye surar tafkin da siraran katako. Bakin wannan katako shi ne zai zama bakin tafki, saboda haka a kan daidaita shi da ma'aunin lebur, a ɗan ɗaga shi sama da farfajiya don kada ruwan sama ya riƙa gangarowa da datti ciki. Duk zurfin da za a auna daga gare shi a ke aunawa. Ƙasar sama mai taki a kan kankare ta a tara gefe guda don lambu.

Bari mu ba malaman lissafi abin da za su jarraba 'yan aji da shi. A ce tafki tsawonsa ƙafa 32, faɗinsa ƙafa 16, zurfinsa daga ƙafa 3 a wannan gefe zuwa ƙafa 8 a wancan. Zai ci ruwa wajen galan 21,000 na awon Amurka, nauyinsa kusan tan 80. Ramin kuwa dole ya fi tafkin girma da misalin ƙafa ɗaya ta ko wane gefe da ƙasa, don a sami wurin kankare da tsakuwa. In mun kira tarin ƙasa mai yadi ɗaya tsawo da faɗi da tsayi yadin ƙasa, to za a fitar da kusan yadi 150. Amma ƙasa in an tona ta ta kan kumbura da misalin rubu'i, sai ta koma yadi 185 ko kusa. Tifa mai ɗaukar yadi 10 sai ta yi sawu 18 ko 19. Mai gidan da ya ce a bar masa ƙasar ya baje a lambu don ya rage kuɗin mota, da la'asar zai tarad da tsauni a ƙofar ɗakinsa.

A ƙasa mai sauƙi kwana ɗaya ko biyu sun isa. Direban katafila ya kan fara daga gefe mai zurfi yana ja da baya zuwa hanyar fita, mutum biyu ko uku suna biye da shebur suna sassaƙe bango da kusurwoyi, wani yana riƙe da sandar awo. A nan akwai doka guda wadda mu ke ganin ta fi sauran muhimmanci, ko da ya ke ba ta da wuyar faɗa: in an zarce zurfin da aka nufa, ba a mai da ƙasar da aka tona. Ƙasar da ta shekara dubbai a danne ba ta komawa yadda ta ke don an bubbuga ta da bayan shebur. Za ta lotsa sannu a hankali ƙarƙashin tan 80 na ruwa, daɓen ya rasa abin da zai zauna a kai, ya tsage. Da tsakuwa a ke cike wurin, ko da kankare, ko da kuwa ya fi tsada. Ɗan kwangila mai ha'inci a nan ya ke cin ribarsa, gama ba mai gani, tsagar kuwa ba za ta fito ba sai bayan shekara biyu ko uku.

Ramin da kansa yana kisa. Yadin ƙasa guda ya kan kai laba 3,000, watau ya fi tan ɗaya, in ya zubo wa mutum a ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa yana waje. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1971, ta ce rami in ya kai ƙafa 5 sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, sai fa in cikin dutse mai ƙarfi aka haƙa, ƙasar da aka fitar kuma a ajiye ta aƙalla ƙafa 2 daga baki. Da dare a kan kewaye wurin da shinge, don ruwan sama na awa guda ya isa ya mai da ramin kududdufi. A Amurka nutsewa a ruwa ita ce ta fi kome kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, shi ya sa in an gama ma doka a wurare da yawa ta ke neman shinge mai tsayin ƙafa 4 ko fi, da ƙofa mai rufe kanta.

TAFKI YA ZAMA JIRGI

Mun bar abin da ya fi ban mamaki sai yanzu. Mutum zai zaci hatsarin tafki shi ne ruwan ciki ya yoye. Maginan Fulorida sun fi tsoron ruwan da ke waje. Tafkin kankare in babu kome a cikinsa, kwale-kwale ne. Mu koma ga lissafinmu. Kankaren tafkin nan, mai kaurin inci 6 zuwa 8, nauyinsa tsakanin tan 35 ne da 50. In damina ta yi ƙarfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ƙafa 4 a jikinsa, zai tura shi sama da ƙarfin kusan tan 58. Muddin tafkin cike ya ke, tan 80 na ruwan ciki sun danne shi. Ran da mai gida ya kwashe ruwan don ya wanke ko ya yi gyara, ran nan tafkin zai iya tasowa daga ƙasa, ya ɓalle bututu, ya farfasa daɓen kewaye, ya tsaya a karkace. Ba ya kuwa komawa mazauninsa, gama laka da rairayi sun riga sun kwarara ƙarƙashinsa. Sau da yawa sai a farfashe shi a sake sabo.

Maganin wannan tun ranar haƙa a ke yinsa. Inda ruwa ya ke kusa, a kan kakkafa siraran bututu kewaye da ramin, a haɗa su da injin zuƙa, ya yi ta aiki dare da rana har a gama gini a cika tafkin. A gindin ramin a kan shimfiɗa tsakuwa mai kaurin 'yan inci, don ruwa ya sami hanyar bi. A wuri mafi zurfi kuma a kan dasa wani ɗan murfi mai buɗewa sama kaɗai: in ruwan ƙasa ya fi na ciki ƙarfi sai ya ɗaga murfin ya shigo cikin tafkin, maimakon ya ɗaga tafkin dungum. Waɗansu su kan ƙara da wani bututu mai faɗi a tsaye a gefe, wanda ya sauka har cikin tsakuwar, kamar 'yar rijiya. Mai gida ya leƙa ya ga inda ruwan ƙasa ya tsaya kafin ya taɓa na tafkinsa. Tafkunan da a ke kawowa a ƙere daga masana'anta sun fi na kankare rashin nauyi, don haka su a kan cika su da ruwa ne daidai lokacin da a ke cike gefensu da tsakuwa, ƙafa da ƙafa, kada ɗaya ya riga ɗaya.

In ramin ya kammala sai masu famfo su shimfiɗa bututu, su matsa musu iska ko ruwa su ga ko akwai yoyo. Masu rodi su saƙa ragar ƙarfe a jikin ramin, tazarar misalin ƙafa ɗaya, su ɗora ta a kan 'yan tubala don kankare ya lulluɓe ta gaba da baya. Mai lantarki ya ɗaure dukan ƙarafan da wayar tagulla, don kada wuta ta kama mai iyo. Sa'an nan sufeto ya zo daga ofishin gari ya sauka cikin ramin da awonsa. In ya sa hannu, kashegari motar siminti ta iso, kafin magariba an rufe ƙasa da tsakuwa da rodi duka. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya riƙa yayyafa wa sabon kankaren ruwa safe da yamma, har kwana 7 ko fi.