Taswirar Zamani Za Ta Iya Tsare Tarihin Zuba

Matafiyin da ya taso daga Kaduna zuwa Abuja, kafin ya shiga Zuba sai ya yi arba da Dutsen Zuma, wanda aka sa hotonsa a jikin takardar naira 100 da aka fitar a 1999. Amma kaɗan ne daga masu wucewa suka san cewa wannan gari na tashar mota da kasuwar kayan marmari ya girmi birnin tarayya nesa ba kusa ba. Tsohon mazauni ne na mutanen Koro, sarkinsu kuwa ana ce masa Agora.

Tun ran 3 ga watan Fabrairu na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin ƙasa, ake ta auna filaye. A 2003 aka kafa hukumar AGIS don ta zuba bayanin filayen Abuja cikin kwamfuta. To, amma aikin irin wannan taswira shi ne nuna iyakar fuloti da sunan mai shi. Ba ta faɗin inda kakanni suka fara sauka, ko tsohuwar maƙabarta, ko maƙera, ko dandalin da ake bukukuwa. Abin da ba ya cikin takarda kuwa, ranar da katafila ta zo, ba shi da mai shaida.

Ga yadda taswirar zamani take aiki. Mutum zai tsaya a wurin da wayar hannu, ita kuma ta karɓi ainihin matsayin wurin daga tauraron ɗan'adam. Sai ya ɗauki hoto, ya naɗi muryar dattijo yana ba da labarin wurin, a ɗora duka a intanet. Wanda ya taɓa ɗigon a kan taswira zai ga hoton, ya kuma ji labarin, ko da yana Makka.

An gwada wannan dabara a wasu wurare. A 2009 samarin unguwar Kibera ta birnin Nairobi suka zana unguwarsu a OpenStreetMap, suka nuna makarantu da asibitoci da famfunan ruwa, alhali a da ba a ganin kome a wurin cikin taswira. A Jihar Kano ma, daga 2012, hotunan tauraron ɗan'adam sun taimaka wa masu rigakafin shan-inna gano ƙauyukan da ake tsallakewa.

Zuba tana da abin da aikin ke bukata, watau ɗaliban Kwalejin Ilimi da ke garin, da fadar Agora, da dattawan da suka san sunan kowane dutse da rafi. Maƙwabta ma suna da abin sawa, kamar Kwali, mahaifar Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda ta rasu a 1984, da ƙauyen Ushafa.

Sai dai a hanzarta, domin gine-gine na ta cinye kushewa da gonaki, dattawan kuma suna ta raguwa. Wurin da ba a sa a taswira ba tun suna raye, bayan ransu da wuya a sami mai nuna shi.